Cinyar rago ga mutum goma, kuma ban taɓa kunna fur ba: ta ina zan fara?

Wata ƙanwata daga Marwa, a arewacin Kamaru, ce ta aiko da tambaya. Wata huɗu ke nan da bikinta. Maigidan ya gayyato yayyensa biyu da matansu da wasu abokan aikinsa, mutum goma har da su masu gida, ranar Asabar bayan Azahar, ya kuma ce gasasshiyar cinyar rago yake so, irin wadda ya ci a wani biki a Injamena. Ita kuwa iyakar saninta da nama, na miya da soye. Tana da murhun gas mai tanderu a ƙasa, wanda muke kira fur, ya zo cikin kayan ɗakinta, amma har yau faranti take adanawa a ciki. Ta duba waya ta ga wani Bafaranshe yana cewa awa ɗaya da kwata ya isa, a fito da naman cikinsa ja-ja. Tana tambaya ko haka za ta yi.

A'a ƙanwata, ba haka za ki yi ba. Ba ƙarya mutumin ya yi ba, amma ragonsa daban, baƙinsa daban. Abin da suke gasawa a can ɗan rago ne da bai cika shekara ba, da yawa ma 'yan watanni ne, kuma bayan yanka sai ya yi kwanaki a ɗakin sanyi kafin ya isa hannun mai saye. Wanda za ki samu a wurin mahaucinki, Uda ne ko Balami ko ɗan ragonmu na gida, ya sha yawon kiwo da ƙafarsa, an koro shi zuwa kasuwa irin ta Bogo ko Adumri, an yanka shi da asubar ranar da kika saya. Cinyar da ta yi wannan tafiya duk jijiya ce, ba ta san awa ɗaya da kwata ba. Sannan ki tuna su wa za ki ciyar. Matar yayan mijinki ta yanka nama ta ga ja a gindin ƙashi, ba za ta ce gwaninta kika yi ba, cewa za ta yi amarya ta ba mu ɗanye, kuma maganar sai ta riga ki isa gidan surukai.

Na shafe shekaru ina girkin biki da suna a nan Garwa, kuma hanyar da nake ɗora duk mai koyo a kai guda ce: gishiri tun daren jajibiri, wuta kaɗan, a rufe naman ruf, a ba shi awa uku da rabi zuwa huɗu, sai a ƙarshe a buɗe a ƙara wuta ya yi ja. Wannan hanya tana yafe kuskure. In kin wuce da rabin awa ba abin da zai lalace. Waccan ta Bafaranshen kuwa, minti goma kaɗai na iya raba ki da mutuncinki.

Bari in gaya miki dalili, don in kin gane shi ba za ki firgita a tsakiyar aiki ba. Nama yana da wurare biyu da yake da taushi. Na farko, lokacin da zafin cikinsa yake wajen digiri 60 zuwa 63, ruwansa bai fita ba, launinsa ja-ja. Da ya wuce nan sai tsokar ta takure, ta matse ruwanta waje, naman ya yi tauri kamar takalmi. Idan aka ci gaba da ba shi zafi a hankali cikin danshi, zafin cikinsa ya kai wajen digiri 90 ya daɗe a can, sai jijiyoyin da suka ɗaure tsokar su narke su zama wannan abu mai danƙo da kike gani a romon ƙafar saniya in ya huce. Nan ne wuri na biyu, inda nama ke sakin ƙashi da kansa. Masu koyo a tsakanin biyun suke faɗawa. Sai mace ta buɗe bayan awa biyu, ta soka wuƙa ta ji tauri, ta ce wayyo na busar da shi, ta sauke. Alhali bai ƙarasa ba ne. Taurin awa biyu maganinsa ƙarin lokaci.

Ni ma ta nan na faɗi. Farkon cinyar da na gasa, ranar sunan ɗan yayata ne, rago an yanka shi da hantsi, naman ko hucewa bai yi ba na ɗora shi a kan garwashi mai ruruwa saboda ana ta aiko yara wai maza na jira. Waje ya yi baƙi ƙirin, na ɗauka ya yi. Goggonmu ta zo ta tsuguna, ta karɓi wuƙa ta tsaga gindin ƙashi, ruwa ja ya biyo wuƙar har kan tire. Ba ta ce mini uffan ba. Ta kankare ƙonannen da bayan wuƙa, ta yayyanka sauran, ta zuba a tukunya da albasa da ruwa kofi biyu, ta rufe, ta ɗora turmi ƙarami a kan murfin, ta ce in je in wanke fuskata. Farfesu maza suka ci ranar, ba wanda ya sani sai ni da ita.

To, mu koma kasuwa. Ranar Juma'a da safe za ki saya, ba ranar Asabar ba. Dabba in an yanka ta, bayan 'yan awoyi naman yana sandarewa, sai ya kwana cikin sanyi yake fara saki. Kwana ɗaya a firijo yana yi wa cinya abin da wani kayan ƙamshi ba zai yi mata ba. In ma kin samu ranar Alhamis, ya fi. Amma ki sa a ƙasan firijo inda ya fi sanyi, ba a gidan ƙanƙara ba. Cinyar da ta daskare tana bukatar kwana ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin ta saki har ciki, kuma wadda aka sa a wuta da ƙanƙara a gindin ƙashi ta ɓata miki duk lissafin lokaci. In wuta ta ɗauke, kada a riƙa buɗe firijon, yana riƙe sanyinsa kamar awa huɗu. Ta wuce haka, a sayo ƙanƙara a zuba a kula a kwantar da naman a kai cikin leda. In babu firijo sam, ki saya da sassafen Asabar ɗin, ki ƙara wa gashin kamar awa guda, ki kuma gaya wa maigida abincin sai bayan La'asar.

Mutum goma cinya ɗaya ba za ta ishe su ba. Cinya mai kilo biyu zuwa biyu da rabi, in aka cire ƙashi da abin da wuta ta sha, mutum shida take ɗauka, bakwai in akwai kunya. Ki lissafa gram 350 ga kowane baƙo, da ƙashi. Saboda haka ko cinya biyu matsakaita, ko cinya ɗaya da karfata ɗaya. Ni ta biyun zan zaɓa miki. Karfata ta fi kitse a tsakanin tsoka, ba ta bushewa, tana kuma jure dogon gashi fiye da cinya, ga shi tun da tire biyu za ki fitar, na maza da na mata, kowa ya samu ƙashinsa. Kafin ki fita gida ki auna tiren fur ɗinki da zare, ki tafi da zaren. Ƙafar Balami doguwa ce, na sha ganin wadda ta hana ƙofar fur rufuwa.

A gaban mahauci ki buɗe ido. Naman ƙaramin rago launinsa ja ne mai haske, kitsensa fari ne mai tauri, ƙashinsa in kin duba inda aka raba gaɓa yana da ɗan ja-ja. Na tsoho ja ne mai duhu, kitsen ya karkata zuwa rawaya, ƙashin fari fat. In da rai maigida zai sayi ragon, a duba haƙoran gaba na ƙasa: wanda bai famfara ba bai wuce shekara da kaɗan ba, mai manyan haƙora biyu yana tsakanin shekara ɗaya da biyu, mai takwas kuwa ya doshi huɗu, wannan na miya ne. Ragon turke da aka ciyar da dusa da harawa da tunkuzar auduga ya fi na garke taushi da kitse. Kuma ki tabbatar rago ne ko tunkiya, kada a miƙo miki ta akuya. Cinyar akuya ta fi siranta, kitsenta kaɗan.

Abu mafi muhimmanci da za ki faɗa wa mahauci, tun kafin ya ɗaga adda: kada ya sassara. Hannunsu ya saba, kina juya kai za ki ji ƙaf, ƙaf, ƙaf, ya datse ƙashin gida huɗu wai ya taimake ki. Cinyar da aka sassara ruwanta yana tsiyayewa ta tsagar, ga ɓarɓashin ƙashi a bakin baƙo. Ki ce guda kike so, ya cire miki ƙashin katara kawai don yanka ya yi sauƙi, in ta yi tsawo ya raba ƙwaurin a gaɓa, ya ba ki shi a gefe. Sai ki ce ya cire kaluluwa. Wata 'yar ƙwaya ce mai launin toka, ba ta kai ƙwayar goro ba, tana ɓoye cikin dunƙulen kitse a tsakanin tsokoki ta bayan gwiwa. Duk mahauci ya san ta. Ita da kitsen da ke kewaye da ita suna cikin abin da ke ƙara wa cinya ƙarni.

A gida, in naman ya sha ƙura da ƙuda a kan tebur, ki ɗauraye shi a roba guda, a hankali, kada ruwan ya fantsama kan kayan salak, sannan ki wanke robar da wuƙa da hannunki da sabulu. Sai ki tsane shi da tsumma mai tsabta har ya bushe. Jiƙaƙƙen nama ba ya karɓar gishiri da kyau, ba ya kuma yin ja. Kitsen bayan cinya ki rage shi ya zama bai fi kaurin kwalin ashana rabi ba, amma kada ki kwashe duka, shi ne rigar naman a cikin wuta. Tantanin nan mai sheƙi da ke saman kitsen, ki tsattsaga shi da bakin wuƙa, sama-sama, ba har tsoka ba.

Gishiri shi ne inda nake ganin an fi kuskure. Hannun da ya saba da tukunyar miya yana jin tsoron zuba wa cinya abin da take bukata, sai a ci waje da ɗanɗano, ciki salam. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai idonki bai ga wannan aiki ba tukuna, don haka ki auna: ƙaramin cokalin shayi ɗaya da rabi, a shafe ba tozo, ga kowane kilo. Cinya mai kilo biyu da rabi, cokali huɗu ke nan. In za ki sa magi biyu, ki rage cokali ɗaya. Ga kowace cinya ki daka tafarnuwa kai guda, ɗanyar citta kamar tsawon babban yatsa biyu, masoro ƙaramin cokali ɗaya, kanumfari ƙwaya huɗu ko biyar, kimba sili ɗaya bayan kin zubar da 'ya'yan don suna da ɗaci. In kina da farin masoron Penja, wani gari a Kamaru, wanda tun 2013 aka yi wa sunansa rajistar kariya, nan ne wurinsa, amma baƙin masoro na kasuwa ma ya wadatar. Ki haɗa da man gyaɗa babban cokali uku, mutad, wato mustad, cokali ɗaya in kina so, da ruwan lemun tsami guda ɗaya tak. Ki huda cinyar da tsinin wuƙa wuri goma sha biyar ko ashirin, zurfin gaɓar yatsa, ki tura haɗin da yatsanki cikin kowane rami, sauran ki murje jikinta da shi, har lungun da aka cire ƙashin katara. Ki rufe ki mayar firijo ta kwana.

Yajin ƙuli kada ya shiga yanzu. Gyaɗa ce, tana ƙonewa ta yi ɗaci tun kafin nama ya yi nisa. Ki lura da masu soya, wato tsire, a bakin titi, yankan nasu siriri ne, mintoci kaɗan yake yi a wuta, shi ya sa yaji ke tsira. Naki a ƙaramin kwano zai je gaban baƙi. Attarugu ma haka, ki bar shi ga romo. Akwai masu ce miki ki sa kanwa don laushi. Kada ki sa, tana canza wa nama launi da ɗanɗano, kuma dogon gashin nan ya ɗauke miki bukatarta. Ganyen gwanda gaskiya ne yana tausasa nama, akwai sinadari a ƙaronsa mai narka tsoka, amma saman kawai yake taɓawa, in ya kwana a jiki sai waje ya yi laɓo-laɓo kamar an tauna. In tsohon rago ya faɗo miki, ki murje ganyen ki naɗe awa ɗaya ko biyu, ki cire.

Yanzu fur ɗin da kike ajiye faranti a ciki. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka yau ɗin nan ki kwashe kayan, ki cire duk wata leda da kwali, ki goge, ki kunna shi wayam na minti arba'in da taga a buɗe, warin sabunta ya fita. Wajen kunnawa, ƙofar fur a buɗe, ki ƙyasta ashana tukuna sannan ki murɗa gas, ba akasin haka ba. In bai kama ba cikin 'yan daƙiƙu, ki kashe, ki bar ƙofar a buɗe iska ta kwashe gas ɗin, sannan ki sake. Girar ido da yawa ta tafi a wannan wuri. Ki duba abin murɗawar. In digiri aka rubuta, shi ke nan. In lamba ce daga 1 zuwa 8 ko 10 irin ta Faransa, kowace lamba digiri 30 ce: 5 ita ce 150, 6 ita ce 180, 7 ita ce 210. Wasu kuma ba su da komai sai hoton babban harshen wuta da ƙarami. Irin wannan, kusa da ƙaramin za ki tsaya. Ki gwada shi da yankan burodi shida a jere a kan tire: wanda ya riga ƙonewa ya nuna miki kusurwar da ta fi zafi, galibi ta baya ce, sai ki san ɓangaren kauri na cinya can zai fuskanta. Sannan ki ɗaga tukunyar gas ki ji nauyinta. Awa huɗu za ta yi tana ci, ga shinkafa a sama. In kina shakka, maigida ya canzo ta ranar Juma'a.

Ranar Asabar, tun da ƙarfe biyu za a ci, ƙarfe takwas ki fito da nama daga firijo ki kunna fur a digiri 160, wato tsakanin lamba 5 da 6. A zafin Marwa rabin awa a waje ya ishe shi, kada ki bi masu cewa awa biyu, garinsu ba ya kai digiri 40. Ki yanka manyan albasa huɗu ko biyar da kauri, ki shimfiɗa a tire mai zurfi. Albasa dai ba a gaya wa mutumin Marwa inda ake samunta. Ki ɗora cinyar a kai, kitse yana sama, ki jefa ƙwaurin a gefe, ki zuba ruwa kofi biyu ta gefen tire, ba a kan naman ba don kada ki wanke kayan ƙamshin. Fur na gas daga ƙasa yake dukan tire, albasar nan da ruwan su ne katifar da ke hana gindin nama kamawa. Sai ki rufe da takardar aluminiyom ninki biyu, ki danne bakin tiren ko'ina, tururi kada ya samu hanya. Takardar buhun siminti da wasu masu balangu ke naɗe nama da ita, ni ba na sa ta a abincin mutane. Tiren a tsakiyar fur, ƙarfe takwas da rabi.

Daga nan aikinki shi ne ki ƙyale shi. Duk buɗe ƙofa zafi ne ke fita, sai ya ɗauki mintoci kafin ya dawo. Sau ɗaya za ki duba, wajen goma da rabi: ki fito da tiren, ki ɗaga takardar ta ɓangaren da ba ya fuskantarki saboda tururi, in ruwan ya kusa ƙafewa ki ƙara kofi guda na ruwan zafi, ki ɗebi romon da cokali ki kwarara a kan naman, ki juya tiren gaba ya koma baya, ki rufe. Kada ki soka wuƙa yanzu, na riga na gaya miki abin da za ki ji. In nama biyu ne a hawa biyu, a nan za ki musanya su, na sama ya sauko, ki kuma sa ran ƙarin kamar rabin awa.

Ƙarfe goma sha biyu ne lokacin gwaji. Ki soka cokali mai yatsu a wuri mafi kauri, ki murɗa. In ya shiga ba gardama, tsokar ta buɗe, naman ƙwauri ya ja baya ya bar ƙashi tsirara, to ya yi. In ya yi miki turjiya, ki rufe ki mayar, ki sake dubawa bayan rabin awa. Abin da ya sa na ce ki fara da wuri ke nan, akwai sararin awa guda a cikin lissafin. Kada kallon naman ya karya miki gwiwa a wannan mataki. Zai fito fari-fari, jiƙe, kamar dafaffe, ba kyan gani. Ki tsiyaye romon da albasar cikin ƙaramar tukunya, ki bar kaɗan a tire, ki shafa wa cinyar kitsen da ya taso, ki ɗaga wuta zuwa 210 ko 220, ki mayar ba rufi. Minti ashirin zuwa talatin. Wannan karon kam ki tsaya a wurin, ki leƙa bayan kowane minti biyar, domin tsakanin ja da baƙi ba nisa.

Da ta fito kada wuƙa ta taɓa ta. Ki ɗora takardar a kai sakwa-sakwa, ki bar ta aƙalla minti ashirin, rabin awa ya fi. Naman da aka yanka da zafinsa ruwansa a tire yake ƙarewa. In baƙi sun makara, kuma za su makara, ki naɗe ta da kyau ki mayar cikin fur a kashe, ko a wuta mafi ƙanƙanta da ɗan romo a ƙasa, za ta jira awa guda ba ta ɓata rai ba.

Romon nan da kika tsiyaye, rabin daɗin yana cikinsa. Ki bar shi ya natsu minti biyar, kitse zai taso, ki kwashe da ludayi, ki ajiye don soya shinkafa wata rana. Kitsen rago yana saurin daskarewa, shi ne wannan da ke manne wa mutum a dasashi, don haka ki kwashe shi sosai. Albasar ta riga ta narke, ki murƙushe ta da bayan ludayi, ki jefa attarugu guda da aka jajjaga, ki tafasa har ya ɗan yi kauri, ki ɗanɗana kafin ki ƙara gishiri don da wuya ya bukata. Matsa lemun tsami kaɗan a ƙarshe yana yanke maiƙon.

In fur ɗin ya ƙi, ko gas ya yanke a tsakiya, kada ki tsaya kuka. Babbar tukunyar dalma mai kauri tana yin aikin nan, wasu lokutan ma har ta fi. Ki soya cinyar a ɗan mai ta yi ja ta kowane gefe, ki shimfiɗa albasa a ƙasa, ruwa kofi biyu, ki rufe, garwashi kaɗan a ƙasa, mafi yawa a kan murfi, kamar yadda ake gasa kek a unguwa. Ki riƙa sabunta garwashin bayan kowane minti arba'in, ki juya naman sau biyu. Sautin da kike nema ɗan ɓul-ɓul ne a hankali, in kin ji yana tafasa da ƙarfi ki janye garwashin ƙasa. A ƙarshe ki ɗora ta a kan waya bisa garwashin da ya yi toka-toka, minti goma tana juyawa, ta samu ƙamshin hayaƙi. A tsakar gida za ki yi wannan, gawayi a rufaffen ɗaki yana kisa ba tare da an ji warin komai ba.

Game da jan naman da kika gani a waya: ranar da kika samu ɗan rago na gaske, kika kuma mallaki ma'aunin zafi da ake sokawa cikin nama, ki gwada ke da maigida, ki sauke a digiri 63 ki bar shi ya huta. Amma mai juna biyu ba ta cin naman rago da bai gasu har ciki ba, akwai ƙwayar cuta da ke iya kaiwa ga ɗan tayi. Ke da kike wata huɗu da biki, ban dai ce komai ba.

Abin ci da shi kada ki wahalar da kanki. Ranar da kike koyon abu ɗaya ba ranar koyon uku ba ce. Farar shinkafa ko dafa-duka marar nauyi, ko burodi mai zafi, ko soyayyen dankali, duk wanda hannunki ya riga ya saba. Ɗanyar albasa da tumatur da kokwamba a yanka a gefe, yaji a kwano, folere, wato zoɓo, mai sanyi, sannan shayi mai zafi a bayansa. Ki ɗumama tiren da za ki zuba naman da ruwan zafi ki goge, saboda kitsen nan da na ce yana daskarewa. Wajen yanka, ki riƙe ƙashin da tsumma, ki yanka a gicciye, wato ki datse zaren tsokar, kada ki bi tsawonsa, yanka masu ɗan kauri don siriri zai wargaje. Wanda ya saki da kansa ki bar shi manyan ɓari. Ki kwarara romo kaɗan a kai, sauran a kwano. Ki ajiye ƙashin a tsakiyar tire da ɗan nama a jikinsa, akwai wanda zai miƙa hannu gare shi, galibi babban yaya. Abin da ya saura kada ya wuce awa ɗaya a waje in ana zafi, ki rufe ki sa a firijo. Naman ƙwaurin nan kuwa da kika jefa a gefen tire, kada ya fita falo. Ki ci abinki a kicin kafin ki shiga wanka.